Lazare da tsoro iri biyu

A bazarar 2015 cutar sanƙarau ta auka wa Yamai da ƙarfin da aka daɗe ba a gani ba. Rigakafin da aka soma tun 2010 ya karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C ya ɓullo, allurarsa kuwa ta yi ƙaranci. Gwamnati ta rufe makarantun birnin a watan Afrilu, aka yi ta kwasar marasa lafiya zuwa cibiyar jinya ta unguwar Lazare. Kafin damina ta kwantar da ƙura, kimanin mutum 8,500 sun kamu a faɗin Nijar, fiye da 500 sun riga mu gidan gaskiya. Ba a tura wa kowa ɗan sanda ba. Iyaye da ƙafarsu suka riƙa yin layi a ƙofar shagunan magani cikin tsakar rana, suna sayen allura da kuɗin cefane.

Shekara biyar bayan haka, a wannan unguwa ta Lazare, matasa suka datse hanyoyi suka cinna wa tayoyi wuta saboda dokar hana fitar dare da hana sallar jam'i da aka kafa don korona. Tsakanin 17 da 19 ga Afrilun 2020, ana daf da azumi, ƴan sanda sun kama mutum 108. Wasu sun ce jahilci ne, wasu suka ce zugar masu wa'azi ce. Ba na musun cewa an yi zuga, amma ai birnin da ya yi rububin allura jiya shi ne ya yi bore yau. Bambancin yana ga abin da ido ya gani. Kowace uwa ta san sanƙarau: zazzaɓi, wuya ya ƙage, yaron da ya yi wasa da safe a wayi gari ana zaman makokinsa. Korona kuwa a rediyo aka fi jin ta, ana yi mata kallon ciwon masu hawa jirgi, alhali dokarta kowa ya ji ta a jikinsa. Mai shayi da mai tsire sun rasa cinikin dare, an watse fada, wato majalisar hira, an kulle masallaci, an ce mutane su shige ɗaki tun ƙarfe bakwai a watan da zafi ke korar kowa waje.

Wannan ba ya nufin tsoro ma'auni ne na gaskiya. Korona ta kashe mutane a Yamai, kuma firgicin 2015 ne ya buɗe wa masu allurar jabu kasuwa, kamar yadda dubban ƴan Nijar suka karɓi jabu a annobar 1995. Amma hukumar da ta nemi talaka ya bar abincinsa da sahunsa don haɗarin da bai gani ba, wajibinta ne ta fara zama da limamai da masu unguwa, ta kuma tanadi abin da zai ci. Bulala ba ta yi wannan aiki ba. Ranar 13 ga Mayu 2020 aka sake buɗe masallatai, aka ɗage dokar dare.