Ganuwa, Gwalalo da Rumbu: Abin da Gem ɗin Zombi Ya Tuna Min Game da Boɗinga da Shagari

1/ Jama'a, ku matso. Jiya da dare na zauna ina kallon ƙanena yana buga 7 Days to Die, gem ɗin nan da duk dare na bakwai wata ke yin ja, tarin zombi su yi wa gidanka ca. Ya gina katanga, ya haƙa rami, ya kafa tsinaye. Sai na ce masa, Malam, ai wannan dabarar kakanninka ce. Ya yi dariya. To ga labarin.

2/ Ni ɗan yankin Boɗinga ne, dangin mahaifiyata kuma suna Shagari. Duk wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Tambuwal ya ratsa ta wajenmu. Yau hanya ce ta motocin haya da masu talla, amma a ƙarni na 19 ita ce hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, manyan cibiyoyi biyu na Daular Usmaniyya. Wanda ya tare ta ya shaƙe daular.

3/ Kuma wurin ba ƙaramin wuri ba ne a tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Amma kafin su samu wannan zaman, sai da suka sha wuya.

4/ Darasi na farko: yunwa ta fi maƙiyi sauri. Bayan nasarar Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, sai ga Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'ar Shehu ɓarna mai yawa, har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ga rashin abinci. Dole suka tashi suka nufi ƙasar Zamfara a 1805 neman abin kai wa baka.

5/ Duk ɗan gem ya san wannan. Kana iya tara makamai jibgi, in ruwa da abinci suka ƙare, da ƙafarka za ka fito. A zahiri ma haka ne. Shi ya sa garin da ya san ciwon kansa yake ajiye rumbunan gero da dawa a cikin ganuwa, rijiya ma a ciki. Manyan birane irin su Kano har gonaki suka kewaye da ganuwarsu.

6/ Darasi na biyu: ka zaɓi inda za a same ka. A 1805 an ci rundunar jihadi a Alwasa, maƙiya suka biyo su har Gwandu, lokacin garin ko ganuwa babu. Abin da ya taimaka shi ne ƙasar wurin, tudu da duwatsu, inda doki da raƙumi ba sa sakewa, maharba kuwa suna samun mafaka. Aka kore su. Bayan nan aka yi wa Gwandu ganuwa.

7/ Darasi na uku: katanga kaɗai ba ta isa ba. Tsarin garuruwan ƙasar Hausa hawa-hawa ne. Daga waje akwai sarƙaƙiyar ƙaya. Sai gwalalo, wato ramin da ya kewaye gari, wanda galibi daga cikinsa aka ɗebi ƙasar ginin. Sannan ganuwar kanta, da maharba a bayanta riƙe da kibau masu dafi.

8/ Ƙofa kuma ƙunci ake yi mata da gangan. In mahara dubu suka zo, ba za su shiga dubu a lokaci guda ba, sai kaɗan-kaɗan. Abin da ƙanena yake yi ke nan in ya bar wa zombi siririyar hanya ɗaya ya tsaya a ƙarshenta. Rana na faɗuwa a kora dabbobi ciki, a rufe ƙofa. Wanda ya makara ya kwana a waje.

9/ Darasi na huɗu: gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya dage kan ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, da mayaƙa zaune ciki da iyalansu suna noma. Ya ja hankalin makiyaya su zauna wuri ɗaya. Shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu.

10/ A ɓangarenmu, dubi jerin: Boɗinga, Yabo ta Muhammadu Moyijo, Shagari, Tambuwal ta Buhari ɗan Shehu. Garuruwa ne kusa da juna a kan hanya ɗaya, yadda labari zai iya gudu daga wannan zuwa wancan, matafiyi kuma ya samu inda zai fake kafin duhu.

11/ Wa ake tsoro? Kabawa. A 1849 Yaƙubu Nabame ya tayar da tutar Kabi daga Argungu, daga nan kuma hare-hare suka yi ta faɗa wa ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu shekaru da dama. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Boɗinga a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Gwandu, ya tarar da ƙasar cikin ɗar-ɗar saboda wannan yaƙi.

12/ Amma tsaya, a nan kwatancen ya ƙare. Zombi ba shi da uwa, ba shi da gona, ba shi da hujja. Kabawa mutane ne masu tsohuwar daula tun zamanin Kanta, an ci babban birninsu, Birnin Kabi, a 1805, suna ganin ƙasarsu suke ƙwatowa. Su ma rundunonin Sakkwato da Gwandu sun sha kai musu yaƙi. Can Argungu, mu ne maharan da ake rufe wa ƙofa.

13/ Abin da ya ba talaka numfashi kuwa sulhu ne. Wajen 1867 aka ƙulla zaman lafiyar da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ta yi wasu shekaru kafin ta warware. Sai ga Turawa a Maris 1903 da bindiga mai ruwa, suka ci Sakkwato cikin safiya ɗaya. Ganuwar ƙasa ta zama tarihi.

14/ A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa gagarumin su. Daga nan bikin kamun kifin Argungu na yanzu ya samo asali. Wato bikin da muke ɗaukar hoto a cikinsa, alamar rufe tsohuwar gaba ce.

15/ Ban rubuta wannan don nishaɗi kawai ba. A jiharmu yau akwai ƙauyukan da ake kwana ido biyu saboda 'yan bindiga, akwai manoman da gonarsu ta gagare su. Tambayoyin kakanninmu ne suka dawo: ina abincinmu yake, wa zai ba mu labari da wuri, wane gari zai kawo mana ɗauki? A gem in ka mutu ka sake farawa. Su babu wannan.

16/ Roƙona ɗaya: in akwai tsoho a gidanku, ku tambaye shi inda ganuwar garinku ta bi da sunayen ƙofofinta, ku ɗauki muryarsa a waya tun yana raye. 'Yan Boɗinga, Sifawa, Yabo da Shagari, ku ajiye min abin da kuka samo a ƙasa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.