Yadda TeX Ya Sauya Ɗab'in Lissafi

A zamanin haruffan dalma, babu aikin da ya fi wahalar da ma'aikatan maɗaba'a irin lissafi. Alamominsa ba sa tsayawa a layi ɗaya: wata ta hau sama, wata ta sauka ƙasa, wata kuma harafin Girkanci ce. Saboda haka ɗab'insa ya fi na sauran littattafai tsada da cin lokaci.

A watan Maris na 1977, Donald Knuth, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya karɓi shafukan gwaji na sabon bugun juzu'i na biyu na littafinsa, The Art of Computer Programming. An ɗab'a bugun 1969 da injin Monotype mai zuba dalma, amma kafin wannan lokaci an koma ɗab'i ta hanyar hoto. Munin shafukan ya sa Knuth ya ƙuduri rubuta manhajar da za ta tsara shafi da kanta. Ya zaci aikin 'yan watanni ne, sai ya ci kusan shekara goma. Sakamakonsa shi ne TeX, wanda ya fito a 1978 aka kuma sake gina shi a 1982.

TeX na da wuyar sarrafawa ga wanda ba gwani ba. A farkon shekarun 1980 Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa bisa manufa guda: marubuci ya faɗi matsayin kowane sashe, manhaja ta kula da siffarsa. Idan ya buɗe jeri da umarnin enumerate, ita ke raba lambobi; in ya cusa sabon mataki a tsakiya, sai lambobin su gyaru, har da wuraren da aka ambace su a cikin hujja. Wannan ya toshe wata tsohuwar kafar kuskure, domin hujjar da ta tura mai karatu ga matakin da ba shi ba ta rushe. Daga baya Ƙungiyar Lissafi ta Amurka ta samar da amsthm, mai rufe kowace hujja da ƙaramin akwati, alamar da Paul Halmos ya yaɗa.

Harsunan Afirka ma sun samu rabo: Jörg Knappen ya ƙera haruffan fc masu ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Knuth kuwa ya daina ƙara wa TeX sababbin abubuwa; kowane gyara sai ya ƙara lamba ɗaya ta π, har sigar 2021 ta kai 3.141592653.