Tunawa da Wani Dattijo Mai Goro a Barkin Sale

 

Minna ƙasar Gwari ce tun asali, kuma jirgin ƙasa ne ya buɗe ta ga baƙi. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan, ya isa Kano a 1911, sannan a 1912 aka haɗa shi da layin Ikko a nan Minna. Daga nan Hausawa, Nupawa, Yarabawa da Ibo suka riƙa sauka, wasu leburori, wasu masu sayen doya, gyaɗa da kaɗanya. Cikin waɗanda suka biyo wannan hanya daga baya akwai wani dattijo mai sayar da goro. Ba sai na kama sunansa ba, manyan unguwa sun san wanda nake nufi.

Daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya zo, yana saurayi, kafin 'yancin kai na 1960. Kamar yadda aka saba a lokacin, wurin mai masauki ya sauka kusa da tasha. Shi ya ba shi ɗaki da tuwo, ya kuma tsaya masa wurin dillalai aka ba shi ƙwarya biyu ta goro bashi, wato ɗari biyu. A faranti ya fara talla, sannan tebur, sannan ɗan shago. Da ya yi aure iyali suka ƙaru, sai ya sayi fili a nan unguwar, ya yi gini ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ar goro ba ta rago ba ce. Kayan na zuwa daga ƙasar Yarabawa, wajen Shagamu, a cikin huhu. Dole a riƙa kwancewa ana zaɓe, ana sauya ganye, ana yayyafa ruwa, don in sankara ta kama ɗaya aka bar shi, sai ya ɓata saura. Bayan sallar asuba yakan zaunar da 'ya'yansa su ware goriya daban, marsa daban, minu daban, kafin su tafi makarantar allo. A nan suka koyi lissafi, a nan suka koyi cewa ba a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan ƙwarya.

Zamani ya juya masa sau da yawa. A 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, ya sake koyon ƙirga da girmansa. A shekarun nan ne kuma fari ya koro mutane daga arewa da ƙasar Nijar, zaurensa ya cika da baƙi. Bai tambayi kowa garinsu ba kafin ya ba shi tabarma. A 1976 Minna ta zama babban birnin Jihar Neja, ma'aikata suka cika gari, ciniki ya buɗe, kuɗin fili ya tashi. A 1984 gwamnatin soja ta canza launin kuɗi cikin ɗan ƙanƙanin wa'adi. Mutane da yawa sun ba shi ajiya, ga shi ba rasit, ba shaida. Ya bar shago ya bi layin banki kwana da kwanaki, har ya mayar wa kowa nasa cif. Ni kaina a bakin masu ajiyar na ji wannan, ba a bakinsa ba.

Bai yi kuɗi irin na Alhassan Ɗantata ba, wanda shi ma da fataucin goro ya tashi. Abin da ya bari shi ne gida, 'ya'ya masu sana'a da karatu, da yaran shago da ya sallama da jari. Maƙwabtansa Gwari kuwa da su aka ɗauki gawarsa zuwa maƙabarta.

To, ga abin da ya sa na rubuta wannan. Yau jikokin irin waɗannan bayin Allah da yawa ba su san sunan ƙauyen kakansu ba. Da an raba gado sai a sa gida a kasuwa, zaure ya koma shagon haya, baƙo ya rasa wurin sauka. In wata magana ta taso kan wane ne ɗan gari, yaro ba shi da abin faɗa, alhali kakansa ya shekara hamsin yana biyan haraji a nan.

Shawarata, duk mai tsoho a gida ya zauna da shi wannan makon. A tambaye shi garin da aka fito, wanda ya sauke su, da sana'ar da aka fara. A rubuta, da boko ko da ajami, ko a ɗauka a waya, a haɗa da takardun fili a adana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai haske kabarinsu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.