Me ya sa wata manhajar sai an kira yaro ya danna? Bayani kan tsarin allon waya daga Maiduguri

Duk mazaunin Agege, Mile 12, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri da ke da iyali a Maiduguri ya san wannan zancen: ka tura kuɗin cefane, ka kira gida, a ce maka "bari yaro ya dawo ya duba." Wayar tana hannun Hajiya, kuɗin ma sun shiga, amma ta rasa inda za ta danna. Galibi laifin yana wuyan wanda ya tsara manhajar. Wannan tsarin sana'a ce mai zaman kanta, ana kiranta UX a taƙaice.

Mene ne UX?

Abu biyu ake yawan haɗawa. Na farko fuskar manhaja, wato UI: madannai, launi, girman rubutu da alamomi. Na biyu UX, shi kuma dukan hidimar ce, tun daga buɗe manhaja har mutum ya samu biyan buƙata. Kamar shago ne: fenti da jeren kaya daban, yadda aka sallame ka daban. Don Norman, wani masani ɗan Amurka, shi ya yaɗa kalmar lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a shekarun 1990. A 1994 kuma Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji 10 da har yau ake auna manhaja da su. Daga ciki akwai cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta yi masa magana da kalmomin da ya sani, ta hana kuskure tun kafin ya faru, ta kuma bar masa hanyar komawa baya.

Abin da Maiduguri ke koya wa mai tsarawa

Sabis. A watan Mayun 2013, bayan dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno, Maiduguri ta yi kusan wata biyu babu kira. Ko yanzu, da ka fita bayan gari sai sabis ya fara rawa. Shi ya sa lambobin USSD irin *737# na GTBank, *894# na First Bank da *919# na UBA suke da daraja: ba sa buƙatar data, kuma suna aiki a ƙaramar waya mai madannai. Sai dai shafi ɗaya ba ya wuce haruffa 182, in kuma mutum ya yi jinkiri sai layin ya yanke. Dole mai tsarawa ya taƙaita zaɓi.

Wuta. A Janairun 2021 an lalata turakun da ke kawo wa birnin lantarki ta hanyar Damaturu, aka yi watanni ana cikin duhu, caji sai an biya mai janareta. Manhaja mai cin batir da data ba ta da kasuwa a irin wannan hali. Wannan lissafin ne ya sa Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, shi ne kuma ya ɗaga Tecno da Itel, masu batir mai jimawa da gurbin sim biyu ko fiye.

Harshe. A Maiduguri ana jin Kanuri, Hausa, Larabcin Shuwa, Babur, Margi da Fulatanci, amma yawancin manhajojin kuɗi da Turanci suke. Binciken da ƙungiyar Translators without Borders ta yi tsakanin 'yan gudun hijira a birnin a 2017 ya nuna saƙon murya ya fi rubutu shiga, musamman ga matan da ba su yi boko ba. Ai ka ga dalilin da ya sa 'yan gida suka fi son turo maka murya ta WhatsApp. Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba: saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa harafi mai lanƙwasa ɗaya, irin ƙ ko ɗ, sai ya koma 70. Shi ya sa saƙonnin Hausa da yawa ke zuwa babu lanƙwasa, kofa da ƙofa su zama ɗaya.

Yadda ake aikin

Mataki na farko shi ne zama da mutane. Mai tsarawa zai je Monday Market ya tsaya kusa da mai POS, ya ga yadda ake riƙe waya, wa ke dannawa, a ina ake tsayawa a yi tambaya. A nan zai gane waya ɗaya na iya zama ta gida guda, kuma rana na hana ganin rubutu mara kauri.

Na biyu, sai ya zana allon a takarda kafin a kashe kuɗi. Na uku gwaji: a ba mutum aiki, misali "tura wa ƙaninka dubu biyar," a yi shiru a kalle shi, ba tare da an nuna masa ba. Nielsen ya nuna cewa mutum 5 kacal kan bankaɗo mafi yawan matsalolin. Sai a gyara, a sake gwadawa.

Akwai ma'aunai kuma. Google na ba da shawarar kada madanni ya gaza awo 48 a tsayi da faɗi, don yatsa ya same shi. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa masu raunin gani ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1.

Kafin ka saka wa na gida manhaja

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da yawa suka koma OPay, PalmPay, Moniepoint da manhajojin bankuna. Ko wacce za ka zaɓa, duba waɗannan:

1. In ka sa lambar akawu mai lamba 10, tana nuno sunan mai akawun ɓaro-ɓaro kafin a nemi lambar sirri?
2. Tana faɗin cajin da za a cire tun kafin ka amince?
3. In sabis ya yanke, tana gaya maka ko kuɗin sun fita? Rashin wannan ne ke sa a tura sau biyu.
4. Ana samun rasit cikin sauƙi?
5. Tallan bashi ya fi madannin tura kuɗi girma? To, a yi hattara, hannu na iya zamewa.

In ka je gida, ka ƙara girman rubutun wayar, ka dawo da manhajar allon farko, sannan ka bar Hajiya ta tura maka naira 100 da hannunta kana kallo. Inda duk ta tsaya, nan matsalar take. In ta tsaya sau uku, canza manhajar ya fi sauƙi a kan ta riƙa ba wani lambar sirrinta.