Abin da Ya Hana Fatalwa Zama a Talabijin ɗin Kano

A 1968 tashar BBC ta Ingila ta ɗauki wani gajeren labarin fatalwa na M. R. James ta mayar da shi wasan talabijin, daga 1971 kuma irin wannan wasa ya zama abin jira duk Kirsimeti. Ba a jima ba Kano ta samu tashar talabijin ta kanta. Tashar da ta zama NTA ta kafu a titin Bompai a 1976, sannan CTV ta Gwamna Abubakar Rimi ta biyo baya a farkon shekarun 1980. A lokacin masaƙu da majemu da kamfanonin alewa na Bompai da Sharada da Challawa suna ɗibar ma'aikata, kuma mai albashi na iya sayen akwati ya girke a zaure, yaran unguwa su cika tabarma. Ga masu kallo, ga 'yan wasa, amma wasannin da suka zauna a zukata su ne irin su Kuliya da Samanja da Karkuzu. Babu na fatalwa a cikinsu.

Dalilin yana cikin abin da Bahaushe ya yarda da shi game da mutuwa. Labarin fatalwa na Turawa ya dogara ga mamaci ko wani tsohon abin binne da ya dawo neman hakkinsa. A wajen Musulmi kuwa wanda aka kai makwancinsa yana barzahu, ba shi da hanyar dawowa. Kalmar fatalwa tana bakin mutane, amma in aka ce an gan ta, malam zai ce aljani ne ya yi shigar mamacin. Shi aljani Alƙur'ani ya tabbatar da shi, kuma bori ya daɗe da ba iskoki suna da hali. Don haka da NTA Kaduna ta tashi juya babban littafi zuwa wasa a shekarun 1980, Magana Jari Ce ta ɗauka, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, ya fara fitowa a 1937. Abin al'ajabinsa aku ne mai magana da labaran da aka ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da makamantansa.

Wani zai ce rashin kayan aiki ne. To, ai fatalwar BBC ta 1968 zanen gado ce kawai da ke miƙewa a hoton baƙi da fari, abin da bai fi ƙarfin kowace tasha ba. Wani kuma zai ɗora wa hukumar tace finafinai ta Kano, alhali sai 2001 aka kafa ta, shekara goma sha ɗaya bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar bidiyo. Ba kuma rashin sani ba ne: 'yan Kano sun sha kallon finafinan Indiya masu dawowar rai irin su Karz na 1980. Da Kannywood, masana'antar finafinan Hausa, ta tashi aro daga Indiya, sai ta kwashi waƙa da rawa da soyayya, in kuma ana son tsoratarwa a kawo boka da aljaninsa.