Rakiya Zuwa Maɓoya: Yadda Aka Koyi Ɗaukar Hoton Ƙananan Tsuntsaye

Tambayar da matasan da suka shigo harkar ɗaukar hoton tsuntsaye suka fi yi wa waɗanda suka tsufa a cikinta ita ce, me ya sa kusan duk tsohon hoton ƙaramin tsuntsu da ke cikin littattafai sai a same shi a bakin sheƙa, da tsutsa a bakinsa, alhali a yau mujallu da gasanni da dama ba sa ko kallon irin wannan hoto. Yawanci da sigar zargi ake yin tambayar, kamar dai mutanen da ba su san ciwon dabba ba. Zargin yana da tushe ta wani ɓangare, amma mai yinsa bai san irin ilimin da aka tara a bakin waɗannan sheƙuna ba, bai kuma lura cewa wayar da ke aljihunsa tana iya yi wa tsuntsu ɓarnar da ta fi ta magabatan nasa ba.

Manyan tsuntsaye ba su taɓa zama matsala ba. Tun a 1884 Bajamushen nan Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan wani nau'in shamuwa suna tashi da sauka a kan sheƙarsu, domin tsuntsu ne babba da ke zama a fili, kusa da mutane. Wahalar tana wajen ƙananan mawaƙan nan masu launin ƙasa, waɗanda nauyin da yawa daga cikinsu bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, waɗanda ke rayuwa a cikin sarƙaƙiya da ciyawar fadama, ana jin muryarsu wuni guda ba a ga ko jelarsu ba, in kuma sun fito ba sa cika daƙiƙa biyu a kan reshe ɗaya. Kyamarar wancan zamani akwati ce mai nauyi a kan mariƙi mai ƙafa uku, ana sa mata farantin gilashi ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an saita nisa da hannu tun kafin tsuntsun ya zo. Ke nan dole mai ɗaukar hoto ya san daidai inda tsuntsun zai sauka, ba kuwa inda za a iya sanin haka da tabbaci sai hanyar da uwa da uba ke bi su kai wa 'ya'yansu abinci.

'Yan'uwan nan biyu na yankin Yokshiya a Ingila, Richard da Cherry Kearton, su ne suka mayar da wannan larura ta zama sana'a. A 1892 Cherry ya ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a cikinta, a 1895 kuma suka fitar da littafinsu kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, wanda ake ƙirga shi a matsayin littafin halittu na farko da aka ƙawata da hotunan da aka ɗauka a daji zalla, ba zanen hannu ba. Abin da aka fi tuna su da shi shi ne wani sa da suka sa aka feɗe a wajejen 1900, aka ɗora fatarsa a kan katako, mutum ya shiga ciki da kyamara ya duƙa na sa'o'i, har wata rana jiri ya ɗebi Richard san ya kife da shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshinsa ya rarrafa har ya kusanci abin farauta. Sun gwada dutsen ƙarya, sun gwada kututturen itace na ƙarya, amma darasin da sana'ar ta gada daga wahalarsu shi ne cewa tsuntsu ba ya buƙatar a yaudare shi da siffar wata dabba. Abin da yake tsoro shi ne motsi da baƙon abu, saboda haka ɗan tanti na yadi mai duhu, wanda iska ba ta kaɗa shi, ya wadatar muddin an ba tsuntsun lokacin da zai saba da shi. Wannan tanti shi ake kira maɓoya, kuma a kansa aka gina aikin shekaru kusan saba'in.

Kafa maɓoya ilimi ne mai ƙa'idoji waɗanda ba a cika rubuta su ba, ana koyonsu ne ta hanyar ɗaukar wa babba kaya. Ba a taɓa farawa alhali tsuntsuwa tana kan gini ko ta fara ƙwai, domin a lokacin ne ta fi saurin barin sheƙa; ana jira sai kwanci ya yi nisa ko an ƙyanƙyashe. Ana kafa tantin da nisa, sau da yawa a kwance ko rabin tsayinsa, sannan a ja da baya a zauna da madubin hangen nesa a ga ko iyayen sun koma aikinsu. In sun koma, washegari a matso da shi kaɗan, jibi a ƙara, har a kai inda ake so cikin kwanaki. In kuwa suka yi ta kewaye da abinci a baki suna kukan gargaɗi, to ba sauran muhawara, sai a kwashe tantin a bar wurin, ko da an yi mako ana shiri. Ana cusa gindin kwalba ko gwangwani a ramin gaba domin tsuntsun ya saba da ƙyallin gilashi kafin a kawo kyamarar gaske. Ganyen da ya tare sheƙa ba a yanke shi, ana ɗaure shi gefe da baƙin zare, a kwance shi kafin a tafi, domin ganyen nan shi ne inuwar 'ya'yan, shi ne kuma ya ɓoye su daga hankaka da shaho. Ba a bin hanya ɗaya kullum, gudun kada sawun mutum ya zama turbar da dabbobin dawa za su bi har sheƙa.

Ginshiƙin duka wannan shi ne rakiya. Mai ɗaukar hoto ba ya shiga maɓoya shi kaɗai, sai da abokin aiki: su taho tare a fili tsuntsun yana kallonsu, ɗaya ya shige, ɗayan ya ɗaure masa ƙofa, ya duba ko wani lungu na yadin yana motsi, sannan ya juya ya tafi yana tafiyarsa ta yau da kullum. Ƙaramin tsuntsu ya ga haɗari ya zo, ya ga haɗari ya tafi, sai hankalinsa ya kwanta. Masu wayo irin dangin hankaka ba su cika faɗa wa wannan ba sai an ƙara yawan 'yan rakiya. Haka nan ba a fita sai ɗan rakiya ya dawo, ko da ƙafa ta sage, ko da zafi ya yi yawa, domin mutum ya ɓullo kwatsam daga abin da tsuntsu ya riga ya amince da shi yana iya rusa amincin gaba ɗaya. In akwai larura sai a saƙalo farin ƙyalle ta bayan tanti a matsayin alama. Amfanin wannan tsari bai tsaya ga tsuntsu ba. Ɗan rakiya yakan kasance almajiri ne, kuma shekarun da ya yi yana zaune daga nesa yana ƙirga sau nawa uwa ta kai abinci cikin sa'a guda, yana bambance kukan yunwa da kukan tsoro, su ne makarantarsa. Kafin a ba shi damar zama a cikin tanti ya riga ya san tsuntsun fiye da yadda ya san kyamara, kuma akwai babba a kansa da zai ce masa yau ba za a yi ba.

Wanda masu aikin maɓoya da yawa suke kira malaminsu, har da waɗanda ba su taɓa haɗuwa da shi ba, shi ne Eric Hosking, wanda aka haifa a Landan a 1909, ya rasu a 1991. Ya mayar da hoton tsuntsaye hanyar cin abincinsa tun daga 1929, lokacin da kaɗan ne suka yarda ana iya rayuwa da shi. A 1937, a yankin Wales, wata mujiya da yake aiki a kan sheƙarta ta kai masa hari da dare, ya rasa idonsa na hagu, bayan ya fito daga asibiti kuma ya koma ga maɓoyar nan ya ci gaba da aikinsa. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin jarumta, amma abin da ya fi muhimmanci ga sana'ar shi ne yadda ya shigo da fitilar walƙiya, da farko ta ƙwan da ke ƙonewa sau ɗaya, daga baya ta lantarki a shekarun 1940, wadda ta ba da damar tsayar da fiffiken ƙaramin tsuntsu yana cikin tashi a duhun sarƙaƙiya. Kafin shi ma akwai Emma Turner, wadda ta zauna a kwalekwale a fadamun Nofok, ta kuma ɗauki hoton da ya tabbatar a 1911 cewa wani ɗan'uwan zalɓe da aka ɗauka ya daina haihuwa a Birtaniya ya dawo.

A Amurka kuwa Eliot Porter ne ya kai aikin ƙananan tsuntsaye ƙoli. Likita ne da ya bar aikin likitanci, ya rungumi fim mai launi tun Kodachrome, wanda ya fito a 1935, yana sabo, kuma a 1943 aka baje hotunansa na tsuntsaye a gidan adana fasahar zamani na birnin New York. Har yau da wuya a sami hotunan da suka fi nasa nuna kowane gashi da kowane ganye. Sai dai a wajensa ne kuma aka fi ganin inda tsarin ya wuce gona da iri, domin akwai lokutan da yakan yanke reshen da sheƙa take kai ya sauko da shi a hankali zuwa inda kyamararsa za ta kai. Shi yana da haƙuri da sanin da zai yi haka 'ya'yan su tsira, masu kwaikwayonsa da yawa ba su da shi. Da kyamara ta yi araha, masu zuwa sheƙa suka yawaita, almakashi ya maye gurbin baƙin zare, sai hukuma ta shigo: dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta damun wasu jinsuna a sheƙarsu ba tare da lasisi ba, masu shirya gasa kuma suka fara ƙin karɓar hoton sheƙa. Hukuncin daidai ne, kuma tsofaffin da suka san aikin ba su yi jayayya da shi ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Kyamara mai saita nisa da kanta ta bazu daga 1985, gilashi mai zuƙo nesa ya yi sauƙi, fim mai ɗaukar hoto 36 ya ba da wuri ga katin da ke ɗaukar dubbai, a 2009 aka daina yin Kodachrome. Babu mai hankalin da zai yi kukan rashin farantin gilashi. Yanzu ana iya ɗaukar tsuntsu yana kiwo, yana wanka, yana waƙa, nesa da sheƙarsa, wanda shi ne burin da magabata suka kasa cimma.

Abin takaicin shi ne hanyar da da yawa suka zaɓa don fito da tsuntsun fili, wato kunna masa muryar ɗan jinsinsa daga waya. Waƙar namiji sanarwa ce cewa wannan yanki yana da mai shi, saboda haka in ya ji wata murya a tsakiyar yankinsa sai ya bar ciyar da 'ya'ya, ya bar gadin matarsa, ya hau reshe a fili yana neman abokin gaba da babu shi. Hoton yakan yi kyau, baki a buɗe, ƙirji a kumbure, amma hoton tsuntsu ne a cikin tashin hankali. Mai tanti ya dami sheƙa ɗaya, ya kuma zauna ya ga sakamakon abin da ya yi. Mai waya yana damun tsuntsaye goma kafin hantsi, ya shiga mota, gobe wani ya zo wurin da aka wallafa a intanet ya maimaita, babu kuma ɗan rakiya da zai ce ya isa.

Maganar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin da yawa daga cikin ƙananan mawaƙan da Hosking ya ɗauka a Ingila a yankin Sahel suke yin rani, a cikin ƙaya da kacallar dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya sun ga wani mai farin maƙogwaro, wanda masana ke kira Curruca communis, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda, bincike kuma ya danganta hakan da farin da aka yi a Sahel. Tsuntsun da ke tara kitsen ƙetare Hamadar Sahara ba shi da ƙarfin da zai ɓata wajen bin muryar ƙarya. A duwatsun Jos kuma akwai wata 'yar'uwar baiwar Allah da Robert Payne ya bayyana wa duniyar kimiyya a 1998, akwai kuma tsuntsun da ke zuba ƙwai a sheƙarta yana kwaikwayon waƙarta, kuma masu zuwa neman su a dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun 2001, sai ƙaruwa suke yi. Wuraren da ake samun irin waɗannan kaɗan ne, kowa kuma wuri ɗaya yake nufa. Matasan Jos da Kano da Nguru da Damagaram da suka fara riƙe kyamara suna da damar da Turawa suka riga suka yi sakaci da ita: su riƙa fita biyu-biyu, ƙarami tare da babba, su fara da madubin hangen nesa kafin kyamara, su nemi inda tsuntsu ke shan ruwa su zauna su jira shi, da damina kuma, lokacin da mafi yawan ƙananan tsuntsayen yankin ke sheƙa, su bar waya a aljihu.