Tarihin Yarjejeniyar Athena SWAN da Neman Adalci ga Mata a Jami'o'in Birtaniya

A ƙarshen ƙarni na 20, jami'o'in Turai da Amurka sun fuskanci wata matsala da kowa yake gani amma ba a cika yarda da musabbabinta ba, wato mata suna cika azuzuwan kimiyya da likitanci tun daga digirin farko, amma yawansu yana raguwa a kowane matakin ƙarin girma, har ya zamana kujerun farfesoshi kusan duk maza ne a kansu. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa aure da haihuwa da renon 'ya'ya su ne ke janye matan, kuma lokaci zai gyara sauran. Bincike biyu ne suka raunana wannan uzuri. A shekarar 1997 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Christine Wennerås da Agnes Wold, suka samu takardun tantance masu neman tallafi na hukumar binciken likitanci ta ƙasarsu bayan sun kai ƙara kotu, suka kuma gano cewa sai mace ta yi aikin da ya ninka na namiji kusan sau biyu da rabi kafin a ba ta makin ƙwarewa irin nasa. A 1999 kuma cibiyar MIT ta Amurka ta fitar da rahoton da ya amince cewa manyan malamanta mata a fannin kimiyya sun samu kaso ƙarami a albashi da faɗin ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aiki.

A wannan yanayi ne aka kafa Shirin Athena a Birtaniya a 1999, da sunan allahiyar hikima ta tsofaffin Girkawa, domin ƙara yawan mata a manyan muƙaman kimiyya da injiniyanci. Daga cikinsa wata ƙungiyar mata malaman kimiyya mai suna SWAN ta fito, kuma a 2005 aka ƙaddamar da yarjejeniyar Athena SWAN da jami'o'i 10. Tsarin aikinta shi ne abin da ya bambanta ta da alƙawuran baka da aka saba ji. Jami'a ko sashe guda a cikinta kan kafa kwamitin binciken kai, wanda zai tattara alƙaluman ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da albashi da hutun haihuwa da rabon ayyuka, ya fayyace inda mata ke zubewa a hanya, sannan ya rubuta matakan gyara tare da wa'adi da wanda za a tuhuma idan ba a cika ba. Ana miƙa takardar ga alƙalai daga wasu jami'o'in, su kuma su ba da lambar tagulla ga wanda ya gane matsalarsa ya tsara maganinta, azurfa ga wanda ya nuna cewa maganin ya fara aiki, zinariya ga wanda ya daɗe a kan gyaran har wasu suna koyi da shi. Sashen ilimin sinadarai na Jami'ar York ne ya fara samun zinariya a 2007. Muhimmancin wannan tsari shi ne ya tilasta wa masana su yi wa gidansu irin binciken da suke yi wa duniya, domin mai gardama da ƙorafin abokiyar aikinsa ba ya iya gardama da alƙaluman da sashensa ya tattara da hannunsa.

Duk da haka, shiga yarjejeniyar ta kasance ganin dama har 2011, lokacin da babbar jami'ar lafiya ta Ingila, Farfesa Sally Davies, ta sanar da makarantun likitanci cewa hukumar NIHR mai ba da kuɗin binciken lafiya ba za ta duba buƙatar kafa manyan cibiyoyin bincike ba sai daga waɗanda suke da lambar azurfa. Nan take shugabannin da a da suke miƙa batun ga ƙananan kwamitoci suka fara zama a kansa da kansu, abin da ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta motsa hukuma kamar yadda barazanar rasa kuɗi ke motsa ta.

Daga nan tsarin ya faɗaɗa. A 2015 aka shigar da fannonin adabi da zamantakewa da shari'a da kasuwanci, da ma'aikatan da ba malamai ba, a 2016 kuma aka ƙaddamar da yarjejeniya makamanciyarta kan bambancin launin fata, ganin cewa baƙaƙen fata farfesoshi ƙalilan ne ƙwarai a jami'o'in ƙasar. Ƙasar Ayalan ta karɓi tsarin a 2015, Ostireliya ta kafa nata mai suna SAGE a wannan shekarar, Kanada ta biyo baya a 2019 da shirin Dimensions, Indiya kuma ta ɓullo da GATI tare da haɗin gwiwar jami'o'in Birtaniya.

Sai dai nasarar ta zo da nata rauni, kuma raunin yana da ciwo, domin nauyin tattara alƙaluma da rubuta dogayen takardun neman lamba ya fi faɗawa a kan matan da aka ce za a taimaka wa, waɗanda suka riƙa ɓatar da watannin da takwarorinsu maza ke amfani da su wajen wallafa bincike. Wasu sassan kuma sun ƙware a cika takarda fiye da sauya hali. Kwamitin bita ƙarƙashin Farfesa Julia Buckingham ya ba da rahoto a 2020 yana neman a rage wannan nauyi, a shekarar ce kuma NIHR ta janye sharaɗin lambar azurfa, sannan hukumar Advance HE, wadda ke kula da yarjejeniyar tun 2018, ta fitar da sabon tsari mai sauƙi a 2021. A daidai lokacin da Birtaniya ke sassauta alaƙar kuɗi da adalci, Tarayyar Turai ta ɗauki hanyar da Davies ta buɗe, inda daga 2022 ta wajabta wa jami'o'in ƙasashenta su mallaki rubutaccen tsarin daidaito tsakanin maza da mata kafin su ci gajiyar asusun bincike na Horizon Europe.